Tabar Baba Shekwolo

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Surukina Baba Shekwolo ya iso daga Gwada da la'asar, mijina Stephen ya ɗauko shi a tasha. Doyar bara a buhu, kaji biyu, da sandar nan tasa da ba ya dogarawa, riƙewa kawai yake. Wai kwana biyu zai yi, a duba masa bakin da ke damunsa ya koma, don John, ƙanin Stephen, ba ya kafa wa doya sanda daidai sai an tsaya a kansa. Mutum ya haura saba'in amma ya fi mijina miƙewa.

Bai gama zama ba ya zaro batta ya ƙwanƙwasa ta a tafin hannu don in ji wayam take. "'Yar Kagoro, kin dai ji." Na ji, Baba. Tun shekaranjiya na sayo ganyen taba a Kasuwar Kure na shanya. Na ɗauko ɗan turmin, na sa kanwa, na daka masa lukui. Ya ɗura a leɓe, ya lumshe ido, ya ce duk Gwada babu mai hannuna.

Kullum in ya faɗi haka sai na tuna zuwana na farko gidansu. Ba na jin Gwari ko na gaisuwa, na ɗora tulu a ka matan gidan suna ta dariya, su da a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Na koma bayan rumbu ina cewa me ya kawo ni. Sai ga tsohon nan da ganyen taba da turmin marigayiyar matarsa, ya ajiye a gabana. Na daka ina atishawa har hawaye. Ya ɗanɗana ya gyaɗa kai. Daga ranar ba wanda ya sake kirana baƙuwa. Kusan shekara ashirin ke nan, ban taɓa taka Gwada ba tare da ƙullin tabarsa ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Asibitin unguwa. Kafayatu ce ta duba shi, malamar asibitin da nake wa ɗinki. Ta haska masa baki da tocila ta daɗe tana kallo, har na fara jin ba daɗi. Akwai wani farin tabo a cikin leɓen ƙasa, daidai inda taba ke zama. Jininsa kuma ya hau.

Ta ce, "Baba, wa ke ba ku tabar nan?" Shi kuwa ya nuna ni da sanda, yana alfahari. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce sai an kai shi babban asibiti, kuma taba sai dai a bari. Baba ya yi mata murmushin da ake wa yaro. Kafin mu fita ta kama hannuna ni ma ta ɗaura abin awon jini. Wai nawa ma yana kan hanya, zaman keken ɗinki ya yi yawa. Ni da na raka mara lafiya.

Alhamis, 9 ga Mayu

Stephen ya ce in daina dakawa. Na ce kai ne ɗansa, je ka gaya masa. Ya sosa ƙeya, wai Baba ba ya jin maganarsa, tawa yake ji. Ka ji mutum. Ni surukarsa ce, ta ina zan dubi idonsa in ce a'a? Ko ruwa ban taɓa miƙa masa a tsaye ba.

Na daka da yamma.

Asabar, 11 ga Mayu

Masu tattakin Kafayatu sun wuce ta ƙofarmu da sassafe. Tun Ista ake sanarwa a coci, aka ce a masallaci ma ana yi: duk Asabar a taru a bakin asibiti a zaga Sabon Gari a ƙafa. Mata da zani da takalmin kambas, Alfa mai shago yana haki a baya da tumbinsa, wata tsohuwa da jikanta a goye.

Baba yana kan benci yana kallo. "Ina za su?" Na ce ba ko'ina, Baba, zagawa za su yi su dawo. "Ba gona? Ba kasuwa?" Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce mutanen birni sun ƙoshi.

Kafayatu ta ɗago mana hannu. Na yi kamar zare nake nema.

Talata, 14 ga Mayu

Babban asibiti. Sun yanki ɗan nama a leɓen za su aika gwaji, sai nan da wasu makonni. Likitan bai faɗi sunan abin da yake tsoro ba, amma ni na san shi. Shi ya ɗauke ƙanwar Mama.

Baba ya ce doyarsa fa? Stephen ya ce doya ba ta gudu. 

Ina son tsohon nan. Ban san na kai haka ba sai yau da na ga an sa masa auduga a baki yana zare ido kamar ƙaramin yaro.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na samo dabara. Da farko garin kuka na yi tunani, sai na tuna za ta yi masa yauƙi a baki, asirina ya tonu tun a ɗurin farko. Zogale ya fi. Na tsinko na bayan gida na shanya, na soya shi a busasshen kasko har ya yi ja kamar taba, na zuba kaɗan a turmi. In ina ƙarawa a hankali, wata rana zai tashi ya ga zogale yake ci bai sani ba. Ba wanda ya ce wa wani a'a, ba wanda ya ji kunya.

Ya ɗura kamar kullum. Magdalina, kin iya.

Asabar, 18 ga Mayu

Zaman gida ya ishe shi. Da masu tattaki suka zo wucewa sai ya miƙe ya ce bari ya ga inda hankalinsu ya tsaya. Dole na ja silifa na bi shi, kada ya ɓata.

Shi ne a gaba tun daga kwanar farko, sanda a kafaɗa. Ni ce a baya tare da Alfa, muna ba juna haƙuri. Gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da muka dawo Baba ya tambayi Kafayatu yaushe za a fara tafiyar.

Laraba, 22 ga Mayu

Kafayatu ta tara mata a harabar coci, har da maƙwabtanmu Musulmi, ta dafa miyar kuɓewa a gabanmu. Dunƙulen magi ɗaya tak a tukunyar da ni zan jefa huɗu, gishiri ɗan yatsa, manja cokali, sai daddawa da busasshen kifi. Muna ta taɓe baki. Da aka ɗanɗana kowa ta yi shiru, don ba laifi.

Na gwada a gida da sakwara. Baba ya suɗe kwano ya ce irin miyar uwarsa ce kafin a kawo magin takarda. Stephen kuwa na kama shi a madafa yana barbaɗa gishiri a ɓoye kamar ɓarawo. Na ƙwace na ɗora a saman kabad.

Asabar, 25 ga Mayu

Zogale ya kai rabi. Baba ya rage surutu kwanan nan, yana ɗura tabar ya zauna yana juya harshe. Kewar gona ce, ina ji.

Juma'a, 31 ga Mayu

Wai yau ce ranar yaƙi da taba ta duniya. An yi jerin gwano daga asibiti, 'yan makaranta da kwalaye, ana ta waƙa. Alfa ya tsaya a ƙofar shagonsa ya yi alkawari gaban jama'a ba zai ƙara sayar wa yaro sigari ba, ko an ce aike ne. Aka tafa masa, ya ji daɗi har da gyara hula.

Wa aka sa a gaba don shi ya fi kowa sauri? Baba. Yana riƙe da kwalin da bai san abin da ke jiki ba, batta kuma tana leƙowa daga aljihu. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Na ja Kafayatu gefe na raɗa mata dabarata, ina jiran yabo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Anti Magda, wannan ba dainawa ba ce. Ran da ya koma Gwada fa, wa zai soya masa zogale?" Na ce ke yarinya ce, ba ki da suruki tukuna. Amma maganar ta bi ni har gida.

Talata, 4 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Baba Irimiya, amininsa tun suna samari, ya shigo Minna sayen taki ya biyo ya duba shi. Suna zaune a tsakar gida ina kawo ruwa. Kamar yadda suka saba, Baba ya miƙa masa batta, yana cewa ɗanɗana ka ji hannun surukata. Na tsaya da kofi a hannu.

Baba Irimiya ya ɗura, ya juya baki, ya tofar. Ya fashe da dariya. "Shekwolo, wannan ai kayan miya ne. Ganye ake ba ka kamar akuya."

Baba bai yi dariya ba. Ya juyo ya dube ni. Ban iya ƙarya ba, na durƙusa na faɗa.

Sai da baƙon ya tafi ya yi magana, a hankali, ko ɗaga murya bai yi ba. Ya ce tun makonnin nan yana sa taba ba ya jin ta. Ya ɗauka bakinsa ne ya mutu, ciwon ne ya fara cinsa. Bai gaya wa kowa ba don kada hankalinmu ya tashi. Har ya kira John a waya ya faɗa masa yadda za a raba gonar.

"Da kin faɗa mini a fuskata, 'yar mutane. Ni yaro ne?"

Ni ina nan ina yaba wa kaina, shi yana can yana shirin mutuwa.

Laraba, 5 ga Yuni

Ya ci abinci. Ya amsa gaisuwa. Shi ke nan.

Asabar, 8 ga Yuni

Bai fita tattaki ba. Ni ma ban fita ba. Alfa ya leƙo yana tambayar ina direbansu, Baba ya ce ƙafa ke ciwo. Ƙafar da ta fi ta kowa lafiya.

Stephen ya ce in ba Baba lokaci. Ya sayo mini tsire don ya faranta mini, ya zauna ya cinye fiye da rabi. Allah ya bar mini shi, ba ya iya lallashi amma yana ƙoƙari.

Litinin, 10 ga Yuni

Sakamako ya fito. Ba ciwon daji ba ne. Na fita baranda na zauna a ƙasa ina ta godiya ga Yesu, mutane na tsallake ni. Amma likitan ya ce irin tabon nan shi ke juyewa, in aka ci gaba da sa masa taba a kai ba ya ɗaukar alhaki. Ya faɗa da Hausa, ya sa Stephen ya maimaita da Gwari.

Baba ya ce ranar Asabar zai tafi.

Laraba, 12 ga Yuni

Na dawo daga kai ɗinki na tarar da battar a kan kekena, a buɗe, an wanke ta tas. Na gane saƙon. In na cika ta da taba ta gaskiya, an yafe mini, mu koma yadda muke. Hannu yake miƙo mini, irin nasa.

Na ɗauke ta na ajiye a kan taga. Na dawo da ita. Na karya allura biyu.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na je Kasuwar Kure. Mai ganyen ta hango ni tun daga nesa ta fara zaɓo mini masu kyau, wai ta ajiye mini na Baba. Na ɗaga ɗaya na sansana. Mai kyau ne ƙwarai, irin wanda yake so.

In na daka, zai sa mini albarka ya tafi yana murna, ya je ya ɗora a kan tabon nan kullum da hannuna. In ban daka ba, wataƙila na koma matar Stephen kawai, wadda ake gaisawa da ita a wuce. Ba ni da uba tun ina 'yar firamare, shi na samu.

Na ce mata zan dawo. Na sayi tattasan da ba na buƙata.

Asabar, 15 ga Yuni

Ya shirya tun da asuba, jaka a ƙofa, Stephen yana ta fama da mota. Na ɗauko battar na durƙusa a gabansa na miƙa da hannu biyu. Ya karɓa ya ji ba nauyi.

Na ce, "Baba, ba zan daka ba. Ba yau ba, ba wani zuwan ba. Kun ce in faɗa a fuskarku, ga shi na faɗa. Ku yi fushi da ni kuna raye, na yarda."

Ban sunkuyar da kai ba, karo na farko tun da na shigo gidansu. Ya daɗe yana kallona. Ya sa battar a aljihu, ya ɗauki sandarsa, ya shiga mota.

Kullum in zai tafi sai ya dafa kaina ya yi addu'a da Gwari. Yau bai dafa ba.

Masu tattaki suka zo wucewa ina tsaye a ƙofa kamar an dasa ni. Kafayatu ta dubi fuskata ba ta tambaye ni komai ba, ta kama hannuna kawai. Na bi su da zanin barci.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sallah. Matar Alfa ta aiko da nama. Na soya da mai kaɗan, Stephen ya ce an cuci rago.

Bencin ƙofa ba kowa.

Asabar, 29 ga Yuni

Tattaki cikin yayyafi. Na wuce Alfa, na wuce matar fasto. Kowa sai ya tambaye ni Baba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Stephen ya kira gida. Baba lafiya, yana gona, yana shan maganin jinin in John ya matsa. Na tsaya kusa da wayar ina goge teburin da ba datti. Ya tambayi jikarsa Charity da makaranta, ya tambayi motar, har kajin da ya kawo ya tambaya. Ni ce dai bai tambaya ba.

Na sa Stephen ya tambayi John maganar taba. John ya ce bai sani ba, wani lokaci yana ganinsa da Baba Irimiya a gindin mangwaro, ba ya leƙa bakin manya. A Gwada kowace tsohuwa ta iya daka taba. Wataƙila na zubar da shekara ashirin a banza, shi kuma yana can yana ɗurawa.

Asabar, 27 ga Yuli

Kafayatu ta auna ni, ta ce jinin ya sauka. Siket ɗin Kirsimetin bara ya shige ni ba tare da na riƙe numfashi ba. Wanda zai yi mini tsiya a kai ba ya nan.

Alhamis, 15 ga Agusta

Sabuwar doya ta fito, jibi za mu Gwada kamar kowace shekara. Na ce wa Stephen kaina na ciwo, ya ce ƙarya nake, kuma gaskiyarsa.

Tsaraba: sabulu, busasshen kifi, lemu, daddawar da na sa aka yi mini, da riga mai aljihu biyu da na ɗinka masa. Na kwance jakar na sake ɗaurawa. Duk yadda na jera kayan sai na ga wurin da ƙullin nan yake zama.

Na bi ta wata hanya a kasuwa don kada mai ganyen ta gan ni.

Asabar, 17 ga Agusta, Gwada

Mun same su a gindin mangwaro, shi da Baba Irimiya da wasu tsofaffi uku. Wato a gaban jama'a za a yi ta. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na tura jakar gabansa.

Ya buɗe da kansa. Ya fito da sabulu ya ajiye. Kifi, ya sansana ya ajiye. Lemu, daddawa. Ya warware rigar ya duba ɗinkin wuya, ya sa hannu a aljihunan duka biyu. Sannan ya kifa jakar ya kaɗa ta. Ina kallon ƙasa.

Baba Irimiya ya ce, "Af, babu ta baki?"

Baba ya ninke jakar a hankali ya ɗora a cinya. Ya ce, "Ba ta kawowa." Ya juya ga sauran, da muryar da yake nuna doyar da ta fi ta kowa girma. "Naku surukan suna kawo muku. Wannan so take in daɗe."

Sai na ji tafin hannunsa a kaina, da kaushinsa da nauyinsa.

Na tashi na shiga madafa na ɗauki tukunya ina ta dirza. Matar John ta ce ai an wanke wannan. Na ce na sani.